Ginin ƙasa a Luwiziyana: yadda baƙi suka koyi zama da ruwa

Duk wanda ya baro garinsu ya zauna a wata ƙasa ya san cewa abu na farko da ke damun baƙo shi ne inda zai sa haƙarƙarinsa. Wannan ne ya sa yau na ga ya dace mu leƙa jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka, mu ga yadda wasu baƙi suka magance wannan matsala da laka da ciyawa.

Faransawa ne suka fara kafa garuruwa a yankin, Natchitoches a 1714, sannan New Orleans a 1718. 'Ya'yan da aka haifa a can, na Turawa da na bayin da aka kawo daga Afirka da kuma ruwa biyu, su ake kira Kiriyol. Su kuwa Kajun asalinsu manoma ne masu jin Faransanci da Ingilishi suka kora daga Akadiya, a gabashin Kanada ta yau, tun daga 1755. Sun yi shekaru suna gararamba kafin su fara isa Luwiziyana wajen 1764, kuma a 1785 jirage bakwai suka kawo wasu kimanin 1,600 daga Faransa.

Ƙasar da suka tarar fadama ce, ga zafi, ga ruwan sama, ga ambaliyar kogin Misisipi, dutsen gini kuma babu. Abin da ke akwai shi ne laka, da itacen saifires wanda ba ya saurin ruɓewa, da wata ciyawa mai kama da gemu da ke reto a rassan itatuwa. Da waɗannan suka yi ginin da suke kira busiyaj. Yaɓa laka a jikin itace ba sabon abu ba ne ga Faransawa ko 'yan asalin ƙasar ko 'yan Afirka, kowa ya zo da nasa sani aka haɗa.

Ga yadda ake yi. Kafinta zai tsayar da ginshiƙan katako, a gitta 'yan sanduna tsakaninsu kamar matakalar tsani. Ciyawar sai an jiƙa ta ko an binne ta har ɓawonta ya ruɓe, ya bar baƙin zare mai ƙarfi kamar gashin doki. Sai a haƙa rami, a zuba laka da ruwa da ciyawar, a shiga da ƙafa ana cuɗawa. Daga nan a riƙa curo ta ana ratayawa a kan sandunan tun daga ƙasa har sama, a shafe da hannu. In ta bushe a shafa farar ƙasa. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, don haka maƙwabta ke taruwa, irin gayyar da muka sani.

Amma laka da ruwa ba sa ga maciji, kuma nan ne darasin yake. Gidajen farko an kafa ginshiƙansu cikin ƙasa ne kai tsaye, sai danshi da gara suka cinye su. Kaɗan ƙwarai suka rage, kamar gidan Badin-Roque a yankin Natchitoches. Daga baya sai suka ɗaga gida a kan dirkoki, suka yi wa rufi dogon baki da baranda don kada ruwa ya taɓa bango, inda babu baranda kuma a rufe shi da falankai. Bangon ya riƙe sanyi da rana, iska kuma ta ratsa ta ƙarƙashi.

Ba talaka kaɗai ke zama a ciki ba. Babban gidan gonar Destrehan, wanda aka gina tsakanin 1787 da 1790, busiyaj ne, kuma maginin wani kafinta ne mai jinin Afirka, Charles Paquet. A gonar Melrose ma, wadda iyalan Metoyer, zuriyar wata 'yantacciyar baiwa Marie Thérèse Coincoin suka kafa, akwai irin wannan gini. Kada mu manta, yawancin ƙafafun da suka cuɗa lakar manyan gidajen nan na bayi ne.

Sana'ar ta fara ja da baya a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da injinan yanka katako da jirgin ƙasa suka sa falanki ya yi araha. Tsofaffin magina suka ƙare, 'ya'yansu ba su gada ba. Wasu masu gyara kuma suka liƙa siminti a bangon, shi kuwa siminti yana tsare danshi a ciki har katakon ya ruɓe. A 1994 gwamnatin Amurka ta kafa wurin adana tarihi na kogin Cane, inda ake kula da irin waɗannan gidaje, masu gyara kuma sai da suka koma koyon abin da kakanni ke yi ba tare da takarda ba.

Da na gama karanta tarihin nan sai na tuna magina namu na tubali da azara. A cikin yaranmu da aka haifa nan kudu, mutum nawa ne suka taɓa ganin ana cuɗa ƙasar gini? Wanda ke da dattijo magini a kusa, ya zauna da shi ya tambaya tun yana raye.

Allah Ya sa mu dace. Sai wani jiƙon.