Ruwan Kwalba Mai Sa Mara Lafiya Barci: Daga Kamfala Zuwa Kumbo

Jama'a, wanda ya taɓa jinyar tsoho a ruga ko a bayan shago ya san daren da nake nufi. Asibiti sun ce a koma gida, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mutum na nishi har asuba. To, akwai ma'aikatan jinya da aikinsu ke nan: ba warkarwa ba, rage raɗaɗi. Kuma wannan ilimi, kamar shanunku, ƙetare iyaka ya yi ta yi.

Annobar ƙanjamau ce ta tura shi. A 1993, lokacin da cutar ke ɗibar mutane a Yuganda, wata likita haifaffiyar Liverpool, Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta buɗe Hospice Africa a Kamfala. Ta zo da dabarar da ta fara a Singafo: a jiƙa garin mofin da ruwa, a zuba a kwalba, mara lafiya ya sha a gidansa. Ba allura, ba gadon asibiti, kuɗinsa kaɗan. Har launi suka sa masa, kore mai sauƙi, ruwan hoda mai ƙarfi, don wanda bai iya karatu ba kada ya ruɗe.

Amma ina likitocin? Ƙauye babu. Sai a 2004 gwamnatin Yuganda ta ba nas ɗin da aka horar izinin rubuta mofin da hannunta. A ganina nan ne tarihin ya juya, domin nas ce ke hawa babur ta shiga lungu.

Daga Kamfala ilimin ya iso Kamaru, asibitin Baptist na Banso da ke Kumbo na cikin na farko. Da korona ta zo, aka rufe iyakokinmu ranar 18 ga Maris 2020, ku 'yan kasuwar Ngawi da Garwa-Bulai kun ji a jikinku. Su ma tafiya horo ta tsaya, sai suka koma koyar da juna ta waya da intanet.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a nan Maiganga tiramol ba ya wuyar samu, yaro ma ya san inda ake sayarwa. Amma kwalbar da za ta sa kakarsa barci, yawanci sai an tambaya a babban asibiti, Ngawundare ko Garwa. In ka kai mara lafiya, tambayi nas kai tsaye: akwai maganin raɗaɗi na sha da za mu tafi da shi gida?