Finlanda da Tarayyar Sobiyet: tarihin Yaƙin Hunturu da abin da ya biyo baya

A watan Afrilun 2023 ne ƙasar Finlanda ta shiga ƙungiyar tsaro ta OTAN, bayan shekaru fiye da 70 tana bin siyasar ƴan ba-ruwanmu. Iyakarta da Rasha ta kai kilomita 1340, kuma dangantakar ƙasashen biyu ta samo asali ne daga yaƙe-yaƙen da suka gwabza tsakanin 1939 da 1944.

Mafarin rikicin

Finlanda ta kasance ƙarƙashin daular Rasha daga 1809 har zuwa ranar 6 ga Disamba 1917 da ta ayyana ƴancin kanta. A watan Agustan 1939, Jamus ta Hitler da Tarayyar Sobiyet ta Stalin suka ƙulla yarjejeniya wadda a asirce ta bar Finlanda cikin rabon Mosko. Daga nan Stalin ya nemi a ja iyaka baya, domin birnin Leningrad bai wuce kilomita 32 daga kan iyakar ba. Ya kuma nemi hayar yankin Hanko don kafa sansanin soja, a musanya da wani yanki na daji. Hukumomin Helsinki suka ƙi amincewa. Ranar 30 ga Nuwamba 1939 sojojin Sobiyet suka tsallaka iyaka, jiragensu kuma suka yi wa Helsinki ruwan bama-bamai.

Kwana 105 na gumurzu

A lokacin, al'ummar Finlanda ba ta kai miliyan 4 ba, ta Tarayyar Sobiyet kuwa ta kusan miliyan 170. Mosko ta zaci makonni kaɗan sun ishe ta. Sai dai sojojinta sun shiga yaƙin ne da rauni, saboda Stalin ya kashe ko ya ɗaure dubban hafsoshi a 1937 da 1938. Ga shi kuma hunturun shekarar ya yi tsanani, har sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili.

Sojojin Finlanda, ƙarƙashin jagorancin Marshal Mannerheim, sun san ƙasarsu ciki da bai. Suna sanye da fararen kaya da ke sajewa da ƙanƙara, suna sulɓewa cikin daji bisa katakan tafiya kan ƙanƙara, alhali manyan motoci da tankokin abokan gaba ba su iya barin hanya. Dabararsu ita ce su datse ayarin gaba da baya, su yanyanka shi gunduwa-gunduwa, su bar yunwa da sanyi su yi sauran aikin. Da haka suka tarwatsa manyan rundunoni biyu na Sobiyet a yankin Suomussalmi, tsakanin Disamba da Janairu. Da yake ba su da isassun makaman fasa tanki, sai suka riƙa jifa da kwalaben fetur masu kama wuta, waɗanda suka laƙaba wa sunan Molotov, ministan harkokin wajen Sobiyet, don ba'a. Sunan nan yana nan har yau.

Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A watan Fabrairun 1940, Janar Timoshenko ya tara manyan bindigogi da sababbin dakaru ya fasa layin tsaron Mannerheim. Agajin da Faransa da Ingila suka yi ta magana a kai bai iso ba. Ranar 12 ga Maris aka sa hannu kan yarjejeniyar Mosko. Finlanda ta rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙasarta, har da birnin Viipuri, kuma mutane fiye da dubu 400 suka bar gidajensu. Ta yi asarar rayuka kimanin dubu 26, Sobiyet kuwa fiye da dubu 120.

Yaƙi na biyu da farashin sulhu

A watan Yunin 1941, da Hitler ya auka wa Tarayyar Sobiyet, Finlanda ta koma fagen daga a ɓangaren Jamus da nufin ƙwato yankunanta. Ta ƙwato su, har ta zarce tsohuwar iyakar, lamarin da masana tarihi ke ci gaba da muhawara a kansa. A bazarar 1944 Sobiyet ta kawo gagarumin farmaki, amma aka taka mata birki a Tali-Ihantala. Wannan turjiya ce ta ba Helsinki damar neman sulhu ba tare da an mamaye ta ba.

Sharuɗɗan tsagaita wuta na Satumban 1944 sun yi tsauri: komawa kan iyakar 1940, barin yankin Petsamo, biyan diyyar dala miliyan 300, da korar sojojin Jamus daga arewacin ƙasar, abin da ya haddasa wani yaƙin har zuwa Afrilun 1945. Finlanda ta gama biyan diyyar a 1952.

Saɓanin maƙwabtanta Estoniya, Latviya da Lituwaniya da Tarayyar Sobiyet ta haɗiye, Finlanda ta tsira da majalisar dokokinta da zaɓuɓɓukanta. Abin da ta biya shi ne taka-tsantsan: daga yarjejeniyar abota ta 1948, shugabanninta sun riƙa kauce wa duk abin da zai fusata Mosko. Ba ta soke aikin soja na dole ga samari ba, ta kuma ci gaba da gina maɓoya a ƙarƙashin ƙasa. Mamayar Ukraine a 2022 ce ta sa ta yi watsi da tsohuwar siyasar.