Yaro Mai Larura Fiye Da Ɗaya: Ina Za A Kai Shi, Me Za A Fara Biya?

Ni haifaffen unguwar Sintali ne a Jalingo, amma shekara 11 ke nan ina zaune a Agege ina sana'ar ɗinki. Kamar yawancinmu mazauna Kurmi, idan lalura ta taso a gida, waya ake bugo min in turo kuɗi. Ƙanwata ta haifi ɗa namiji bayan naƙudar kwana biyu, kuma bai yi kuka da wuri ba. Ya shekara ɗaya bai riƙe wuya ba, yana ƙwarewa idan ana ba shi kunu, daga baya jijjiga ta biyo baya. Kusan shekara biyu kuɗin da nake turawa yana ƙarewa a hannun masu cewa ɗan ruwa ne. Ranar da ta ce min, "Yaya, ni fa na gaji, ban san ƙofar da zan nufa ba," na gane ni ma ban sani ba. Abin da na koya daga baya ne na tattara a nan.

Mece ce wannan larura?

A katin asibiti likitoci kan rubuta CP. Rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwar yaro a ciki, ko wurin haihuwa, ko a farkon rayuwarsa, ya taɓa yadda yake sarrafa gaɓoɓinsa. Ba shan inna ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. A Najeriya manyan musabbabansa su ne rashin numfashi da wuri bayan doguwar naƙuda, da shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Raunin ba ya ƙaruwa, amma ba ya warkewa gaba ɗaya. Duk wanda ya ce zai warkar da shi da kwalba ɗaya, kuɗinku yake so.

Sau da yawa larurar ba ta zuwa ita kaɗai. Takan haɗu da farfaɗiya, wahalar haɗiya, raunin ji ko gani, da jinkirin magana. Shi ya sa likita ɗaya ba ya isa, sai an bi ƙwararru da dama, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da za a fara biya

Na farko, likitan yara ya duba shi, a buɗe masa kati. Idan yana jijjiga, maganinta shi ne gaba da komai, kuma kullum ake sha. Kada a tsayar da shi kwatsam don kuɗi ya yanke ko don an ga sauƙi, jijjigar na iya dawowa da ƙarfi. Ni yanzu kuɗin magani nake fara warewa kafin na abinci. Idan jijjiga ta zo, a kwantar da yaro ta gefe, kada a sa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a lokacin. In ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Na biyu, cin abinci. A zaunar da shi a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuya, a ba shi da ƙaramin cokali, a hankali. Kunu mai kauri ya fi ruwa-ruwa sauƙin haɗiya ga yawancinsu. Ɗura haɗari ce, don abincin na iya bi ta huhu ya jawo ciwon haƙarƙari.

Na uku, masu gashin ƙashi. Ribar zuwa wurinsu ita ce uwa ta koyi motsa gaɓoɓin da hannunta, ta riƙa yi kullum a gida don kada su ƙage. Su ne kuma za su auna masa kujerar zama da abin tsayuwa. Mu wani kafinta ne a Jalingo ya haɗa mana kujerar katako bisa awon da aka ba mu, aka sa katifa da ɗamara.

Na huɗu, gwajin ji da gani. Shawara mai tsanani takan kashe ji, kuma an sha ɗaukar yaro mara wayo alhali ji ne ba ya yi. Makaranta tana zuwa bayan waɗannan.

Inda za a je

A Jalingo, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, wadda kowa ke kira FMC, da Asibitin Ƙwararru na jiha su ne wuraren farawa. Abin da ya fi ƙarfinsu sukan tura babban asibitin koyarwa, kamar na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola. Akwai makarantar gwamnati ta masu buƙata ta musamman a Mutum Biyu, ƙaramar hukumar Gassol. Sai dai ku tambaya tukuna ko suna karɓar yaron da ba ya iya ci da kansa, domin yawancin tsofaffin makarantun nan don makafi da kurame aka kafa su, tun daga ta makafi ta Gindiri a 1953.

Mu da ke kudu muna kusa da abin da 'yan uwa ke shan doguwar tafiya su nema. A Ikko akwai asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa, da Asibitin Ƙashi na Igbobi, da sashen yara na asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da ke Oshodi. Gidan Modupe Cole a Akoka na kula da yara masu larurar jiki da ta ƙwaƙwalwa, sai makarantar Pacelli ta makafi da Wesley ta kurame, duk a Surulere. A Badun akwai UCH, kusa da Sabo, kuma a garin Oyo akwai kwalejin tarayya da ke horar da malaman irin waɗannan yara tun 1977. A Inugu ma akwai asibitin ƙashi na tarayya, takwaran na Dala a Kano.

In za a kawo yaro daga gida, a taho da takardar turawa daga likita, da tsofaffin katuna, da kwalayen magungunan da yake sha. A ɗauki bidiyon jijjigar a waya, likita ya fi gane ta da ido. A kuma nemi mai jin Turanci ko Yarbanci ya raka uwa.

Abin da doka ta ce

A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, a 2020 kuma aka kafa hukumarsu ta ƙasa. Dokar ta ba su karatu kyauta har sakandare, ta kuma yanke tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna musu wariya, kamfani kuwa naira miliyan 1. Jihar Legas tana da tata dokar tun 2011, da ofishin LASODA inda ake rajista. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma mai takardar shaidar nakasa ya fi mara ita bakin magana, don haka a nema.

Rigakafi da uwar yaro

A haihu a asibiti, kuma kada a bar naƙuda ta kwana ta wuni a ɗaki. In idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya, a kai shi a ranar, akwai fitilar da ake sa shi a ƙarƙashi. Shanya shi a hantsi ba ya wadatarwa. A kuma raba kayan jariri da kafur, yana tsananta shawara ga wasu jarirai.

Kada a manta da uwar. Ita ke goyon yaro ɗan shekara 6, ita ke shan surutun maƙwabta. A gidanmu an tsara wata 'yar uwa ta karɓe ta kwana biyu a mako. Addu'a muna yi, asibiti muna zuwa.

Yaron namu yau yana zama a kujerarsa a tsakar gida, jijjigar ta yi nisa tsakani. Bai fara magana ba, amma in na kira ta bidiyo ƙanwata ta ce, "Ga Kawu," yakan juyo ya yi dariya. Gobe ranar ganin likitansa ce, kuma na riga na tura kuɗin Keke Napep.