Yadda Ake Yi Idan Jarumi Ya Rasu Kafin a Dawo da Tsohon Shiri

A Amurka akan tattaro jaruman tsohon shiri mai dogon zango bayan shekaru, a yi musu fim na sake haɗuwa. To amma wani lokacin kafin a dawo, mutuwa ta ɗauke wanda 'yan kallo suka fi ƙauna.

Galibi ba a ɗauko wani ya hau rol ɗinsa, domin masoya ba za su yarda ba. Sai a ce ya rasu a cikin labarin ma.

Hugh Beaumont, uba a shirin Leave It to Beaver, ya rasu a 1982. Da aka yi fim ɗin Still the Beaver a 1983, sai aka nuna matarsa ta cikin shirin a bakin kabarinsa.

Haka ma Edward Herrmann, kaka Richard a Gilmore Girls, ya rasu a 2014. Da Netflix suka dawo da shirin a 2016, rasuwarsa ce ta zama ginshiƙin labarin: aka nuna jana'izarsa, da yadda matarsa da 'yarsa suka yi ta rigima cikin jimami.

Ka ga kenan 'yan kallo ma sun samu damar yi masa bankwana.