DAREN DA SIN TA KIRA DUNIYA WALIMA: TARIHIN OLAMFIK NA BEIJING 2008

Ranar Juma'a ce, 8 ga Agusta 2008. Nan gida ƙarfe ɗaya na rana, ana ta alwala ana haramar masallaci. A Beijing kuwa dare ya yi, ƙarfe takwas daidai. Makaɗa 2,008 suka ɗaga hannu lokaci guda suka sauke a kan ganguna, filin wasan da ke cin mutum 91,000 ya amsa. Ba da ka aka tsayar da wannan lokaci ba. Takwas lambar arziki ce a wurin Sinawa, saboda sunanta a bakinsu ya yi kama da kalmar bunƙasa. Shi ya sa suka jera ta: ranar takwas, watan takwas, shekara ta takwas, ƙarfe takwas.

Jama'a, labarin wannan dare zan ba ku yau. Amma sai kun yi haƙuri mun koma baya, domin kiɗan da aka yi a daren nan amsa ce ta wata tambaya da ta shekara ɗari tana jira.

A ƙarni na 19 Sin ta ga wulaƙanci iri-iri. Ingila ta ci ta da yaƙi a kan cinikin ƙwayar ofiyam tsakanin 1839 da 1842, ta karɓe Hong Kong. A 1860 sojojin Ingila da na Faransa suka wawashe fadar sarki ta Yuanmingyuan, daga baya aka banka mata wuta. A 1895 Japan, wadda Sinawa suke yi wa kallon ƙaramar maƙwabciya, ita ma ta lallasa su. Har laƙabi aka yi wa ƙasar, wai majinyaciyar Gabashin Asiya. Sinawa sukan ba da labarin cewa a 1908, shekarar da Landan ta karɓi Olamfik, masu ilimi a birnin Tianjin suka jefa tambayoyi uku: yaushe za mu tura ɗan wasa? Yaushe za mu ci nasara a can? Yaushe duniya za ta zo ta yi wasan a gidanmu?

Amsar tambaya ta farko ta zo a 1932, kuma da ban tausayi ta zo. Japan ta mamaye yankin Manchuria, ta kafa gwamnatin 'yan amshin shata, ta shelanta cewa wani ɗan tsere mai suna Liu Changchun zai wakilci wannan sabuwar "ƙasa" a Los Angeles. Liu ya fito a jarida ya ce shi Basine ne, ba zai yi ba. Janar Zhang Xueliang ya biya masa kuɗin tafiya. Ya yi mako uku a jirgin ruwa, ya sauka ana gobe buɗe gasa, ƙafafu sun yi nauyi, aka fitar da shi tun zagayen farko a mita 100 da mita 200. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 400, ɗan wasanta ɗaya tilo.

Bayan Mao ya kafa mulkin gurguzu a 1949, sai rigimar Taiwan ta shiga tsakani: wace ce Sin ta gaskiya? Beijing ta yi fushi ta fice daga Kwamitin Olamfik na Duniya a 1958, ba ta dawo ba sai 1979. A 1984, a Los Angeles ɗin nan dai, maharbi Xu Haifeng ya ciyo wa ƙasar zinarenta na farko, tawagar ta koma gida da zinare 15. Liu Changchun bai ga wannan rana ba, ya rasu a 1983, saura shekara guda.

Saura tambaya ta uku, kuma ita ce mai wuya. Beijing ta nemi gasar 2000. Aka taru a Monte Carlo ranar 23 ga Satumba 1993, lokacin jinin da aka zubar a dandalin Tiananmen a 1989 bai gama bushewa a idon duniya ba, majalisar wakilan Amurka ma ta fito ƙarara ta ce kada a ba ta. Beijing ce kan gaba a zagaye uku na farko. A na ƙarshe Sydney ta sami ƙuri'a 45, Beijing 43. Ƙuri'a biyu kacal. Shekaru bayan haka shugaban kwamitin Olamfik na Ostireliya, John Coates, ya amsa da bakinsa cewa ana gobe zaɓe ya yi wa wakilan Kenya da Uganda tayin tallafin dala 35,000 kowannensu don harkar wasannin ƙasashensu. Sinawa suka haɗiye, suka koma gida suka ci gaba da gina masana'antu.

Ranar 13 ga Yuli 2001 a Mosko, ba a ma ja zaɓen da nisa ba. A zagaye na biyu Beijing ta kwashe ƙuri'a 56, Toronto 22, Paris 18, Istanbul 9. Dandalin Tiananmen ya cika maƙil a daren, wannan karon da masu murna. Wata biyar bayan nan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Ƙofofi biyu suka buɗe mata a shekara ɗaya.

Daga nan sai shirin tarbar baƙi, irin na gidan da za a kawo amarya. An kashe abin da ya kai dala biliyan 40 in aka haɗa da tituna da jiragen ƙarƙashin ƙasa da sabon ɓangaren filin jirgin sama. Aka gina filin wasan da ake kira Sheƙar Tsuntsu, ƙarafa sun sarƙe da juna kamar saƙar ciyawa. Ana saura mako guda aka buɗe layin dogo mai tsananin gudu tsakanin Beijing da Tianjin, tafiyar rabin awa. Hayaƙin da ya turnuƙe birnin shi ne babban abin kunya, don haka aka fara kwashe katafaren kamfanin ƙarfe na Shougang zuwa bakin teku, aka dakatar da gine-gine, aka raba wa motoci kwana: mai lambar mara yau, mai lambar cika gobe. Duk da haka Haile Gebrselassie na Habasha ya ce shi da ciwon asmarsa ba zai yi gudun fanfalaki a wannan iska ba.

Gyaran bai tsaya a kan siminti ba, har ɗabi'a ya taɓa. Aka yi ta wa'azin daina tofar da yawu a titi. Aka ware ranar 11 ga kowane wata ranar koyon bin layi, don lambar 11 ta yi kama da mutum biyu a jere. Aka koya wa direbobin tasi gaisuwar Turanci. Aka cire naman kare daga gidajen abincin da aka keɓe wa baƙi. Ranar buɗewa ma sai da aka harba rokoki sama da dubu cikin hadari don ruwan ya zube kafin ya iso birnin.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya kira duniya gidansa, ya kira masu leƙe. A watan Fabrairu Steven Spielberg ya janye daga masu ba da shawara kan bikin buɗewa, ya ce Sin, babbar mai sayen man Sudan, ba ta matsa wa gwamnatin Khartoum yadda ya kamata a kan yaƙin Darfur ba. A Maris rikici ya ɓarke a Tibet. Da wutar yula ta gasar ta fara zagaya duniya, sai masu zanga-zanga suka tare ta a Landan da Paris da San Francisco. A Paris wani ya kai wa Jin Jing, 'yar wasa da ke kan keken guragu, wawura, ta rungume yular a ƙirjinta ta ƙi saki. Hoton nan ya fusata Sinawa har suka ƙaurace wa shagunan Carrefour na Faransa. A Afirka gari ɗaya wutar ta yada zango, Dar es Salaam, kuma lafiya ta wuce. Ana cikin haka, ranar 12 ga Mayu, girgizar ƙasa ta afka wa lardin Sichuan ta kashe kusan mutum 69,000, da yawansu yara 'yan makaranta. Duniya ta sassauta murya.

To, mu dawo daren takwas ga wata. Daraktan fim Zhang Yimou ya shimfiɗa wata ƙatuwar takarda a tsakiyar fili, ya karanta wa duniya tarihin ƙasarsa a kanta: mu muka ƙirƙiro takarda, mu muka fara ɗab'i, mu muka yi kamfas da albarushi. Shugabanni fiye da 80 na zaune, ciki har da George Bush na Amurka da Vladimir Putin na Rasha, alhali a wannan rana sojojin Rasha suna shiga yaƙi da Jojiya. Ƙasashe 204 suka yi jerin gwano. Yao Ming, dogon ɗan ƙwallon kwando, ya shigo da tuta, a gefensa wani yaro ɗan shekara tara da ya tsira daga girgizar Sichuan. Li Ning, mai zinare uku a 1984, aka ɗaga shi da igiya ya zagaye rufin filin yana gudu a iska, ya kunna wutar. Daga baya asiri ya tonu cewa yarinyar da aka nuna tana waƙa baki kawai take motsawa, muryar ta wata ce da aka ga ba ta dace da talabijin ba. Wuraren shaƙatawa uku da aka ware don zanga-zanga kuwa, takardun neman izini 77 aka shigar, ba a amince da ko ɗaya ba.

A fagen wasa Michael Phelps ya kwashe zinare takwas a ninƙaya, Usain Bolt ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.69 yana dukan ƙirji tun bai iso ba. Sin ta zo ta ɗaya da zinare 51, Amurka 36, ko da yake gwajin ƙwayoyi na baya ya rage na Sin zuwa 48. Amma wanda suka fi ƙwallafa rai a kansa, Liu Xiang, zakaran tseren tsallake shinge na Athens 2004, agara ta ci amanarsa. Ranar 18 ga wata ya ɓalle lambar da ke cinyarsa ya juya ya fice yana ɗingishi, fili ya yi tsit, kocinsa ya fashe da kuka a gaban 'yan jarida.

Mu ma muna da namu tabon. Asabar 23 ga Agusta, wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa, Najeriya da Ajantina, tsakar rana a can, ƙarfe biyar na asuba a nan. Ina tuna yadda muka sallame salla muka nufi gidan kallo da sauri, janareto na ta ƙugi, mai shayi ko wuta bai gama hurawa ba. Yaran koci Samson Siasia, da Sani Kaita a tsakiya, sun riƙe wuta cikin zafin da sai da alƙalin wasa ya tsayar aka sha ruwa. Minti na 58 Messi ya turo wa Di Maria ƙwallo, shi kuma ya ɗaga ta saman mai tsaron gida ta shiga raga. Gari ya waye mana da azurfa. A yammacin wannan rana, a filin nan, Ismail Ahmed Ismail ya ciyo wa Sudan azurfa a mita 800, lambarta ta farko a tarihin Olamfik.

Aka rufe gasa ranar 24 ga Agusta. Mako uku bayan haka bankin Lehman Brothers ya durƙushe a New York, tattalin arzikin Turai da Amurka ya shiga halin ni-'yasu. A Nuwamba Sin ta zuba yuwan tiriliyan huɗu don kada kasuwarta ta tsaya, a 2010 ta ture Japan ta zama ta biyu a duniya. Masu fatan cewa gasar za ta sassauta mulkin, kamar yadda ta Seoul 1988 ta zo daidai da buɗewar siyasar Koriya ta Kudu, sun sha mamaki: a Disambar 2008 aka kama marubuci Liu Xiaobo, kuma a tsare ya mutu a 2017.

A 2022 Beijing ta sake karɓar Olamfik, na hunturu, a Sheƙar Tsuntsun nan, kuma Zhang Yimou ɗin nan ne ya shirya bikin. Amurka da Ingila da Kanada da Ostireliya suka ƙi tura jami'ansu saboda halin da Musulmin Uighur ke ciki a Xinjiang. Sin ta ce dama ba wanda ya gayyace su. Babu ganguna dubu biyu a wannan karon, babu mai gudu a iska. 'Yar ƙaramar yula aka soke a tsakiyar siffar ƙanƙara, aka bar ta tana ci. Mai gidan da ya share shekara bakwai yana gyaran zaure don baƙi su yaba, yanzu ko leƙowa bai yi ba ya ga wanda bai zo ba.