Dodon Koɗi: Daga Akwatin Kifin Ado Zuwa Kududdufan Damagaram

Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi suna da koke ɗaya da ba ya ƙarewa: dodon koɗin da ba su saya ba, amma ya cika musu akwati. Yakan shigo ne a ɓoye, ƙwansa manne da ganyen tsiron ruwa da aka kawo don ƙawata wurin. Yawancin irin nan mata-maza ne, wato kowane ɗaya na ɗauke da halittar namiji da ta mace, wasunsu ma kan yi wa kansu barbara. Guda ɗaya tak ya isa ya kafa zuriya.

A Damagaram irin wannan akwati bai yawaita ba, sai jefi-jefi a otal ko falon wani mai hali. Amma matsalar tana nan, kuma ta fi ta falo nauyi nesa ba kusa ba. Dodon koɗi mai faffaɗan bawo a naɗe da ke damun masu kifin ado dangi ɗaya ne da Bulinus, wanda ke rainon tsutsar tsargiya a tafkunan Sahel. Shi ya sa darasin da aka koya a ƙaramin akwati yake da amfani ga kududdufi.

Abin da ƙwararrun masu kifin ado suka tabbatar shi ne, yawan dodon koɗi yana bin yawan abinci. Wanda ke zuba wa kifinsa abinci fiye da kima, ya bar ruɓaɓɓen ganye da gansakuka, shi ne ke kiwon dodon da hannunsa. Akan jefa ganyen salat da dare a kwashe waɗanda suka taru a kai da safe, ko a saka wani dodon koɗi na kudu maso gabashin Asiya, Anentome helena, mai cin 'yan'uwansa. Akwai kuma maganin da ke ɗauke da sinadarin tagulla. Yana kisa, amma yana haɗawa da jatanlande, wani lokaci da kifin kansa, sannan gawarwakin su ruɓe su ɓata ruwan. Muddin abincin na nan, ƙwai kaɗan da suka tsira za su mayar da hannun agogo baya.

Damagaram gari ne da ke zaune a kan dutse, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan sama ba ya nitsewa da sauƙi, sai ya kwanta a kwaruruka da ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini ko fasa dutse. Unguwannin gefe irin su Kara-Kara, wadda ta samo asali a matsayin mazaunin masu cutar kuturta da aka ware bayan gari, su ne inda mai ƙaramin ƙarfi ya fi dogara da irin wannan ruwa: wanki, kwaɓa ƙasa, shayar da dabbobi, ga yara da iyo in rana ta take.

Tsutsar tsargiya ba ta wucewa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan tsutsar ya nemi dodon koɗi cikin 'yan sa'o'i ko ya mutu. In ya samu, sai ya hayayyafa a jikinsa na kusan wata guda ko fiye, daga nan dodon ya riƙa sakin ɗaruruwan 'ya'ya a kullum, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke cikin ruwa. Suna huda fata ne su shiga, ba sai an sha ba. Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya fayyace rawar dodon koɗi, shi ma a Masar. Har yau a wasu wurare ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balagar yaro, alhali cutar na iya kaiwa ga lalacewar ƙoda, sankarar mafitsara, da ciwon gaban mata.

Mutum zai ce ai kududdufi na ƙafewa da rani, ke nan matsala ta kau. Ina! Wasu nau'o'in, musamman Bulinus senegalensis, kan nutsa cikin laka su kwanta tsawon rani, da saukar ruwan farko su farfaɗo. Rani a nan yana yin abin da maganin tagulla ke yi a akwati: ya rage yawa, ya bar iri.

Nijar ta ƙaddamar da shirin ƙasa na yaƙi da tsargiya a 2004, inda ake raba ƙwayar praziquantel, musamman ga 'yan makaranta. Maganin na aiki, ba a musun wannan. Sai dai tsutsar da ke jikin mutum kawai yake kashewa, yaron da ya sha yau yana iya komawa tafkin gobe ya sake ɗauka. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Akwai kuma tambayar da ta shafi Kara-Kara kai tsaye: rabon da ya dogara da aji yaya zai kai ga almajiri da yaron da ba ya zuwa lakwal? Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, a ƙa'idojinta na 2022, ta nanata cewa a haɗa rabon magani da yaƙi da dodon da kuma samar da ruwa mai tsabta.

Gubar da hukumar ta amince da ita, niclosamide, tana da tsada kuma tana kashe kifi da kwaɗi. A tafki irin na Gidimuni, inda masunta ke cin abinci, wannan ba ƙaramar asara ba ce. An nemi mafita a itatuwa. A 1933 Robert Archibald ya nuna a Sudan cewa 'ya'yan aduwa na kashe dodon koɗi da 'ya'yan tsutsar, har ya ba da shawarar a dasa ta a bakin ruwa. A 1964 Aklilu Lemma ya lura a garin Adwa na Habasha cewa dodon na mutuwa a gangaren inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai suna endod. Aduwa kam ga ta nan birjik a ƙasar Damagaram, amma ita ma tana bugar da kifi, don haka a ganina gurbinta ƙaramin ramin da ba a kamun kifi a ciki.

Gwajin da ya fi jan hankalina daga Senegal ya fito. Bayan kammala madatsar Diama a 1986, tsargiya ta ɓarke a yankin Richard-Toll, kuma cikin dalilan akwai toshe hanyar wani jatanlanden kogi mai cin dodon koɗi. Daga baya, a binciken da aka wallafa a mujallar Nature a 2023, an riƙa tsame ciyawar ruwan da dodon ke maƙalewa a kai daga wuraren da mutane ke shiga. Dodon ya ragu, kamuwar yara da wani nau'in cutar mai kama hanji ta ragu, ciyawar kuma ta zama taki da abincin dabbobi. Wannan shi ne aikin mai kifin ado sak, wato a cire abinci da maɓoya maimakon a zuba guba, kuma aiki ne da matasan unguwa za su iya da manjagara, in an ba su takalman roba da safar hannu, don kada mai aikin ya zama shi ne majinyaci.

A gida ma akwai abin yi. 'Ya'yan tsutsar ba sa wuce kwana biyu a raye in ba su sami jikin mutum ba, saboda haka ruwan kududdufi da aka ajiye a tulu ko duro na kwana biyu ya kuɓuta daga tsargiya wajen wanka da wanki, ko da yake bai zama na sha ba. Sharaɗin shi ne kada a ɗebo shi da dodo ko ciyawa a ciki, kuma gidan ya mallaki duro biyu, ana amfani da ɗaya, ɗaya na jira.