Tattalin Gida: Inda Kuɗi Ke Zurarewa da Yadda Ake Toshe Ƙofofin

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lissafin cefane ya sauya a kowane gida. A tsakiyar shekarar 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa N70,000 a watan Yulin wannan shekarar, amma ma'aikaci da ɗan kasuwa duk sun san cewa ƙarin bai kamo tsadar ba.

Magidanci ba shi da iko a kan farashin kasuwa. Abin da ke hannunsa shi ne lokacin da zai yi sayayya, da yadda zai adana abin da ya saya, da yadda za a yi amfani da shi. A nan tattali ya bambanta da rowa: marowaci yana hana iyalinsa abin da suke buƙata, mai tattali kuwa ɓarna yake hanawa.

Rubuta kafin ragewa

Matakin farko shi ne a samu ƙaramin littafi, a rubuta duk abin da ya fita daga aljihu tsawon wata guda, har kuɗin Keke Napep da katin waya da ruwan leda. A ƙarshen wata a kasa kashe-kashen gida uku: na dole, kamar abinci da haya da kuɗin makaranta da magani, waɗanda za a iya rage su, kamar wuta da data da sufuri, sai waɗanda za a iya bari ɗungurungum. Wajibi ne maigida da uwargida su yi wannan lissafi tare, domin ita ta san abin da tukunya ke ci, shi kuma ya san abin da ke shigowa.

Abinci: kowane kaya da lokacinsa

Hatsi ya fi sauƙi da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon amfani ke kwararowa kasuwanni irin su Dawanau a Kano. A bisa al'ada farashi yakan tashi idan damina ta kama, rumbuna sun yi ƙasa. Wanda ke awo kwano-kwano kullum yana biyan ribar hannaye da yawa. Idan buhu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, maƙwabta ko abokan aiki uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su sara, su raba.

Sai dai sayen sari ba ya da amfani idan ƙwari za su cinye rabi. Wake da masara suna buƙatar bushewa sosai kafin a ɗaure su. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da an zuba magani ba. Jarka mai murfi da ke rufuwa gam tana yin irin wannan aiki, in an cika ta har baki. A guji zuba maganin ƙwari mai guba a cikin abinci, domin kuɗin asibiti ya ninka abin da ake son cetowa.

Kayan miya kuwa lokacinsu rani ne. Tumatir da tattasai da attaruhu suna araha idan amfanin noman rani ya fito daga wurare irin su Kadawa, sannan su yi tsada da shigowar damina. A yanka su a shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba, ko a niƙa a dafa har ruwan ya ƙone, a zuba a kwalabe masu tsabta.

Gas da wutar lantarki

Jiƙa wake tun dare yana rage lokacin dafuwarsa. Rufe tukunya, da rage wuta da zarar abinci ya tafasa, da yanka kayan miya kafin a kunna murhu, duk suna tsawaita kwanakin tukunyar gas. A riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. Idan kumfa ya taso, gas na yoyo, kuma wannan asara ce da haɗari a lokaci guda. Wurin cika tukunya, a tsaya a ga ma'auni kafin a zuba da bayan an zuba.

A watan Afrilun 2024, Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta NERC ta ƙara wa masu rukunin Band A kuɗin wuta zuwa N225 kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. Ga lissafi mai sauƙi: tsohon ƙwan fitila mai wat 60, idan yana kunne awa shida kullum, yana cin kusan yunit 11 a wata. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensu ya yi kusan daidai, bai kai yunit 2 ba. A gidan da ke da ƙwai goma, bambancin ya haura yunit 90, wato fiye da N18,000 a wata idan yunit yana N200.

Duk na'urar da ke samar da zafi ita ce ta fi cin wuta: dutsen guga, hita, da murhun lantarki. A tara guga a yi ta sau ɗaya a mako. A nisanta firji daga bango da murhu, kuma kada a saka abinci a ciki da zafinsa.

Waya da sufuri

A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Kashe bidiyon da ke kunna kansa a Facebook, da hana WhatsApp sauke hotuna kai-tsaye, suna rage cin data ƙwarai. A ɓangaren sufuri, haɗa aike-aike a fita guda, da karɓa-karɓar kai yara makaranta tsakanin maƙwabta, suna rage shan mai.

Biki da bashi

Abin da aka tara a wata shida, anko da gudummawar biki ɗaya na iya lashe shi. A ware wa zumunci kasonsa tun farkon wata. Idan ya ƙare, a ba da haƙuri. Kayan Sallah da kuɗin makaranta ba sa zuwa ba zato, don haka a fara tanadinsu da wuri, kafin kasuwa ta yi zafi. A guji cin bashi don sayen abin da za a cinye, musamman daga manhajojin rance masu ɗora ruwa mai yawa.

Inda za a ajiye rarar

Kuɗin da aka ceto, idan ya zauna a aljihu, kashe shi za a yi. A cire ajiya ranar da albashi ko ciniki ya shigo, ba ranar da ya rage ba. Adashe yana da amfani idan an san uwar adashen da amana. A banki kuwa, Hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a bankunan kasuwanci zuwa Naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a 2024, kuma akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ. Duk wanda ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin makonni, a tuna da MMM, wadda ta rufe asusun jama'a a Disambar 2016.

Ba dole ba ne a ɗauki waɗannan matakai gaba ɗaya. A fara da littafin lissafi a wannan wata. Shi zai nuna wa kowane gida ƙofar da ya kamata ya fara toshewa.